Fatar da ƙiba ta bari a gadon baya: me tiyata ke iya yi, me ya fi ƙarfinta?

Shin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana fama da ƙiba, Allah ya ba shi iko ya zubar da kilo 40 ko 50, sannan ya je wurin likita yana neman a yanke masa fatar da ta rage tana reto a gadon bayansa, magani ya je nema ko kwalliya? Wannan tambaya ta shigo hirar mutane a Garwa da Marwa da Injamena tun lokacin da hotunan kafin aiki da na bayan aiki suka fara yawo a WhatsApp da TikTok, yawancinsu tallan asibitoci masu zaman kansu ne na Tunis da Istanbul da aka rubuta da Faransanci domin a jawo 'yan ƙasashenmu. Wasu na ganin abin a matsayin rashin godiyar Allah da almubazzarancin masu kuɗi. Wasu kuma, musamman 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya, sun ɗauke shi tamkar kai riga wurin tela a rage mata faɗi, a je yau a dawo jibi. Duka ɓangarorin biyu suna magana ne a kan abin da ba su ga cikinsa ba.

Ni kaina ban ɗauki batun da muhimmanci ba sai da na ga bayan Addata, 'yar goggona da ke zaune a Garwa. Likita ne ya tsorata ta da maganar ciwon suga da ciwon gwiwa, ta rage tuwo da shayi mai suga, ta riƙe tafiyar asuba, cikin shekara biyu ta zubar da abin da ya kusa kilo 40. Kowa ya yi mata barka. Wata rana da zafin watan Afrilu na shiga ɗakinta na tarar ta zauna a kan tabarma da ɗaurin ƙirji, 'yarta tana ɗaga mata ninkin fata ɗaya bayan ɗaya, uku a kowane gefe, tana goge gumi da tsumma mai tsabta tana barbaɗa hoda. Ƙarƙashin ninkin ya yi ja, wani wuri ya saɓe yana tsatsafar da ruwa. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, kin ga abin da mutane ba sa gani. Ƙibar ta tafi, amma ta bar mini buhunta."

Me ya sa fatar ba ta komawa yadda take?

Fatar ɗan Adam tana da layi na sama, wanda muke gani, da layi na ciki mai kauri, inda ake da wasu zaruruwa iri biyu da likitoci ke kira kolajin da ilastin. Na farko shi ke ba fata ƙarfi, na biyu shi ke sa ta miƙe ta kuma dawo, kamar robar da ake sa wa ƙugun wando. Idan ƙiba ta ja wannan roba shekara 10 ko 20 babu hutu, zaruruwan sukan tsinke ko su yi sanyi, kuma waɗancan layuka da ke fitowa a ciki da cinya da kafaɗa, irin na masu juna biyu, alamar tsinkewar ce. Kitse na iya narkewa cikin watanni, amma zaren da ya tsinke ba ya haɗewa, shi ya sa ake samun jiki ƙarami a cikin fata babba.

Ba kowa ne abin ke kama wa daidai ba. Matashi ɗan shekara 25 da ya rage kilo 15 a hankali yawanci fatarsa kan bi jikinsa, amma mace 'yar shekara 50 da ta daɗe da ƙiba ta kuma haihu sau da yawa, ko mai shan taba, ko wanda gadonsu ne sakin fata, da wuya tasu ta koma. Yawan abin da aka zubar shi ne babban ma'auni, domin likitocin wannan fanni sukan yi maganar babbar rama ne idan mutum ya rasa rabin nauyin da ya yi masa yawa ko fiye, ko kuma wajen kilo 45.

Baya kuwa yana da nasa hali daban. Layin ciki na fatar gadon baya ya fi na kusan ko'ina a jiki kauri, sannan akwai wuraren da fatar ke manne da naman da ke ƙarƙashinta da ƙarfi, kamar tsakiyar baya a kan ƙashin gadon baya da wasu layuka da suka nufi haƙarƙari. Saboda haka fatar ba ta zubowa gaba ɗaya kamar ta ciki. Tana rataya ne a kan waɗannan wurare tana yin ninki hawa-hawa, kamar labulen da aka ɗaure a wurare da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa aikin da ake yi wa ciki ko ƙugu ba ya gyara ninkin saman baya, ko da an ja fatar daga ƙasa.

Ƙaruwar masu wannan matsala ba abin mamaki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, sannan hanyoyin rage ta cikin sauri sun yawaita. Akwai tiyatar rage tumbi, wadda a wani nau'inta ake cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin mutum, akwai kuma allurai irin su Ozempic, da aka amince da ita a Amurka a 2017 domin ciwon suga, da Wegovy, da aka amince da ita a 2021 domin rage ƙiba. Waɗannan allurai sun yi suna har an fara yin jabunsu, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai a 2024.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu da ya shafe mu fiye da mutanen Turai. Duk wannan magana ta wanda ya rage ƙiba ne da niyya. Wanda ya ga yana ramewa ba tare da ya canja ci ko sha ba, ga yawan ƙishi da fitsari, ko tari mai daɗewa, ko zazzaɓin dare, ko gudawa, wannan gwajin suga da tarin fuka da ƙanjamau da sankara yake bukata da gaggawa, kuma zancen fata ba nasa ba ne tukuna.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Aikin yana farawa ne tun kafin a shiga ɗakin. Likita zai tsayar da mara lafiya a tsaye, ya riƙa kama ninkin fatar da hannu yana gwada iya abin da za a iya cirewa har bakin rauni ya haɗu ba tare da an ja shi da tsiya ba, sannan ya zana layukan da alƙalami a jikin. A tsaye ake yin zanen saboda da zarar mutum ya kwanta fatar ta bazu, ninkin ya ɓace. Bayan haka likitan sa barci ya sa shi barci gaba ɗaya, a kifa shi rub da ciki, a yanke fatar da kitsen da ke manne da ita, a ɗinke daga ciki zuwa waje hawa-hawa. Akan bar sirarun robobi a ƙarƙashin fatar domin su riƙa tsane ruwa da jinin da ke taruwa, na 'yan kwanaki har zuwa mako ɗaya ko biyu. Idan baya kaɗai za a taɓa, aikin kan ɗauki sa'a biyu zuwa uku. Idan an haɗa da ciki ko hannuwa ko ƙirji yakan zarce haka sosai, haɗarinsa kuma yana ƙaruwa da tsawonsa.

Inda ake sa yankan ya danganta da inda matsalar take. Ga ninkin saman baya, hanyar da ta fi shahara ga mata ita ce a yanka a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, daidai inda igiyar rigar mama ke wucewa, domin ta rufe tabon. Likitan Amurka Joseph Hunstad ne ya bayyana wannan salo a rubuce a 2008. Wasu likitoci, musamman ga maza, sukan fi son yanka a tsaye a gefen ƙirji, daga hammata zuwa ƙasa, su jawo fatar baya zuwa gefe. Idan kuwa ƙasan baya ne da ƙugu da mazaunai suka saki, ana yin yanka mai zagaye jiki kamar ɗamara, a haɗa da fatar ciki, aikin da likitocin Faransa da Tunisiya ke kira bodilif, wanda wani likitan Amurka mai suna Ted Lockwood ya yi fice wajen inganta shi a farkon shekarun 1990.

Abin da aikin ba ya yi

Wannan tiyata ba hanyar rage nauyi ba ce. Abin da ake cirewa daga baya sau da yawa bai wuce 'yan kiloli ba, kuma wanda ya koma wa tsohon cinsa zai sake ƙiba, sauran fatar ta sake miƙewa, ga tabo kuma ya samu. Haka nan ba ita ce zuƙe kitse ba, ko da yake masu talla kan cakuɗa su. Zuƙe kitse, wanda likitan Faransa Yves-Gérard Illouz ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1970, yana cire abin da ke cikin buhu ne ya bar buhun, saboda haka idan aka yi wa mai sakakkiyar fata shi kaɗai, ƙara mata reto yake yi. Motsa jiki yana gina tsoka, yana kuma ɗan cike gurbi, amma ba ya mayar da fatar da ta yi ninki uku. Man shafawa da shayin da ake tallatawa a kasuwa da intanet da sunan ɗame fata kuwa, kuɗin mai saye kawai suke ragewa.

Wa ya cancanta, kuma yaushe?

Sharaɗi na farko shi ne nauyin mutum ya tsaya wuri ɗaya, aƙalla wata uku zuwa shida, ba ya hawa ba ya sauka. Wanda aka yi wa tiyatar tumbi yawanci sai ya jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin jikinsa ya daidaita. Gaggawa a nan asara ce, domin idan aka yanke yau aka ci gaba da ramewa, sabon ninki zai fito, sai an sake shiga wuƙa.

Sharaɗi na biyu shi ne jini da abinci, kuma a ganina nan ne mutanenmu suka fi rauni. Rauni mai tsawon da ya ratsa baya daga gefe zuwa gefe ba ya warkewa sai da sinadarin gina jiki, irin wanda ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake da nono. Wanda aka rage wa tumbi yakan yi ƙarancin wannan sinadari, da na ƙarfen jini, da bitamin B12, ko da kuwa yana jin kansa garau. A ƙara da zazzaɓin cizon sauro da ke cin jinin mutane kowace damina a arewacin Kamaru daga Yagwa har Kusiri, da yawan haihuwa, da masu ɗauke da sikila, za a ga dalilin da ya sa likitan kirki ba zai sa rana ba sai ya ga sakamakon gwajin jini, ya kuma gyara abin da ya gaza. Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita na watanni, ba na safiyar ranar aiki kaɗai ba, mai hawan jini ma haka. Mai shan taba ko shisha sai ya daina aƙalla mako huɗu kafin aiki da mako huɗu bayansa, saboda nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini bakin rauni, fatar wurin ta mutu ta yi baƙi.

Akwai kuma abubuwan da mata ke jin nauyin faɗa wa likita, alhali ɓoye su na iya kai mutum kabari. Ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Allurar rage ƙiba tana sa abinci ya daɗe a ciki, kuma likitan sa barci yana bukatar ya sani domin kada amai ya shiga huhu. Aspirin da wasu jiƙe-jiƙen gargajiya suna tsinka jini. Mafi haɗari duka su ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa deksametazon ne a cikinsu, wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi: suna tara kitse a wuya da saman baya, suna tayar da suga, suna raunana fata, sannan wadda ta daɗe tana sha idan ta daina rana ɗaya aka kuma sa ta barci, ƙarfin gudun jininta na iya faɗuwa ƙasa warwas a kan gadon aiki.

Tabo: inda maganar ta fi shafar baƙar fata

Duk wanda ya yarda da wannan aiki musaya ya yi, ya ba da fata ya karɓi tabo, kuma tabon na har abada ne. Hotunan da ake nuna mana yawanci na fararen fata ne, an ɗauke su da haske mai kyau, wasu kuma da rigar mama a kan layin. Jikinmu ba haka yake warkewa ba.

Tabo mai kumburi iri biyu ne. Akwai wanda ke yin kauri ya taso amma ya tsaya a iyakar raunin, kuma yakan lafa da kansa bayan shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda likitoci ke kira keloyid, wanda ke ƙetare iyakar raunin ya ci gaba da toho kamar tsiro, yana ƙaiƙayi yana zafi, ba ya kuma komawa da kansa. Kowa a cikinmu ya taɓa ganinsa, ko a kunnen yarinyar da aka yi wa huji ya zama ƙulli kamar goro, ko a ƙeyar saurayi bayan aski, ko a ƙirjin wanda aka yi wa tsaga ko ƙaho. Wannan iri ya fi yawa a baƙar fata nesa ba kusa ba, yana bin dangi, kuma wuraren da ya fi so a jiki su ne kunne da tsakiyar ƙirji da kafaɗu da saman baya, wato daidai inda wuƙar wannan aiki ke bi. Dalili shi ne fatar waɗannan wurare kullum a ja take, duk sunkuyawa da duk miƙa hannu suna jan bakin raunin.

Ana maganin keloyid da allurar da ake yi a cikin tabon kai tsaye wata bayan wata, da mannen silikon, da matsewa, wani lokaci har da haska shi da na'ura bayan an yanke, amma yana da taurin kai, kuma idan aka yanke shi kawai ba tare da wani magani ba yawanci dawowa yake yi, wani lokaci fiye da da. Saboda haka abin da nake ganin ya wajaba ga duk mai tunanin wannan aiki shi ne ta tuɓe ta duba tsofaffin tabonta, na haihuwa da na huji da na rigakafi a dantse da na ƙuna, ta kuma duba na iyayenta da 'yan uwanta, sannan ta nuna wa likita. Idan likita bai tambayi wannan ba, ko ya ce ba komai ba tare da ya duba ba, to bai san fatarmu ba, kuma nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido.

Man bilicin ya ƙara dagula lissafin. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri kamar takarda, ta kasa riƙe zare, rauni ya buɗe ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta shigo da irin waɗannan kayayyaki da sayar da su a 2022, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san ba su ɓace ba. Wadda ke shafawa dole ta faɗa, ta kuma daina tun watanni kafin a yi maganar rana.

Jinya bayan aiki, da haɗarin dawowa gida da wuri

Ƙananan matsaloli ruwan dare ne a irin wannan tiyata, ko a asibitin da ya fi kowane kyau. Ruwa yakan taru a ƙarƙashin fata har sai an zuƙe shi da sirinji, wani lokaci sau da yawa. Wani ɓangare na ɗinkin yakan buɗe, a yi makonni ana wanki ana sa bandeji. Fatar da ke kusa da tabon takan yi dundum, ba a jin taɓi, na watanni ko ma har abada. Manyan kuma su ne zubar jini a ciki, da shigar ƙwayoyin cuta, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda idan gudansa ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe mutum cikin mintuna. Shi ya sa ake tilasta wa mara lafiya ya tashi ya taka tun rana ta farko, ake sa masa safa mai matsewa, ake kuma yi masa allurar tsinka jini. Kumburin ƙafa ɗaya, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko zazzaɓi tare da jan rauni, duk alamu ne na a garzaya asibiti a daren, ba a jira gari ya waye ba.

Likitoci kan ce a sa rigar matsi wajen mako shida, kada a ɗaga abu mai nauyi, kada a sunkuya sosai, kada a miƙa hannu sama da ƙarfi. A takarda wannan abu ne mai sauƙi, amma a gidan Bahaushe yana nufin babu daka, babu jan guga a rijiya, babu shara a sunkuye, babu wanki, babu ɗaukar yaro balle goyo, babu hawa babur ɗin haya a hanya mai gargada. Ruku'u da sujada ma sai an yi su a zaune na ɗan lokaci, wanka kuma sai yadda likita ya tsara. Macen da ba ta da wadda za ta riƙe mata gida na wata ɗaya da rabi ba ta shirya ba, komai kuɗinta. Lokacin shekara ma abin dubawa ne, domin sa rigar matsi a kan sabon ɗinki a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Injamena ke haura digiri 40, azaba ce da gayyatar ƙuraje. Ni da za a tambaye ni, sanyin Disamba da Janairu zan zaɓa, kuma ba kusa da azumi ba, saboda jikin da ke warkewa yana bukatar ci da sha a kan kari.

Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyatar da aka tsara ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu, duk da cewa marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya, kuma mafi yawan mace-macen a kwanakin da suka biyo bayan aiki suke faruwa, lokacin da matsala ta taso babu isassun ma'aikata da za su lura da ita da wuri. Wannan darasi ya shafi mai tafiya waje kai tsaye. Asibitin da ya yi talla zai yi aiki, ya ajiye mutum a otal kwana bakwai ko goma, ya sa shi a jirgi. Zaman sa'o'i a jirgi da sabon aiki yana ƙara haɗarin daskarewar jini, sannan idan an sauka a Duwala ko Yawunde ga kwanan jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ga motar Garwa ko Marwa. Ruwan da ke taruwa da ɗinkin da ke buɗewa kuwa a mako na biyu da na uku suka fi bayyana, lokacin da wanda ya yi aikin yake wata nahiya, sai dai a aika masa hoto ta waya. Ban ga hikimar tafiya ba sai an riga an samu likitan fiɗa a gida wanda ya yarda, tun kafin a tashi, cewa shi zai karɓi jinyar.

Me malamai suka ce?

Masu ƙyamar aikin suna kafa hujja da hanin da ya zo a kan canja halittar Allah, kuma hujja ce mai nauyi da bai kamata a yi mata riƙon wasa ba. Amma malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ƙarin ado a kan halittar da take lafiya lau da kuma mayar da abin da ya lalace zuwa asalinsa, suna kafa hujja da Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar gyara idan akwai lalura ko bukata ta gaskiya, da sharaɗin amfaninta ya rinjayi cutarwarta, ƙwararre ya yi ta, mara lafiya ya yarda bayan an bayyana masa haɗarin, kuma babu wata hanya mafi sauƙi. Ta kuma hana wadda ake yi don bin son zuciya da kwaikwayo. A fahimtata, fatar da ke saɓewa tana wari, tana hana mutum barci da shiga jama'a da sakewa da mijinta, ba ta cikin babin kwalliya. Wanda ɗan ninki ɗaya ne ke damunsa a madubi, shi kam hukuncinsa na iya bambanta, kuma ya kyautu ya kai wa malaminsa bayanin likita, ba hoton waya ba.

Kuɗi, da abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi

A Faransa inshorar gwamnati tana biyan wasu daga cikin irin waɗannan ayyuka bayan babbar rama, idan likitanta ya duba ya tabbatar lalura ce. A wurinmu aljihu ne. Shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya da Kamaru ta ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fara ne da masu juna biyu da ƙananan yara da wankin ƙoda da tarin fuka da ƙanjamau, kuma babu mai hankalin da zai ce a fifita fatar baya a kan waɗannan. Farashin waje da yuro ake faɗinsa, kowane yuro 1,000 kuwa ya haura sefa 655,000, saboda haka magana ce ta miliyoyi, ban da jirgi da masauki da ɗan rakiya da abin da za a kashe idan matsala ta taso. Ƙwararrun likitocin gyaran jiki kaɗan ne a Kamaru da Cadi, yawancinsu a manyan birane, kuma hannunsu cike yake da masu ƙuna da haɗarin mota da yara masu tsagaggen leɓe. Wannan gurbi ne ke buɗe ƙofa ga 'yan damfara, shi ya sa ya zama dole a nemi sunan likita a rajistar ƙungiyar likitoci ta ƙasa, a tambayi wa zai sa barci, ko akwai jini a ajiye da ɗakin kulawa ta musamman, a kuma nemi ganin tabon baƙar fata da ya kai shekara da yi.

Wanda ba shi da halin aiki, ko bai cancanta ba, ba a bar shi hannu rabbana ba. Wanke ninkin da sabulu mara ƙarfi sau biyu a rana, a busar da shi sarai, a sa ƙyallen auduga a tsakani, a sa riga mai ɗan matsewa mai shan gumi, a nemi man kashe ƙwayoyin cutar fata daga likita idan wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, duk suna rage wahala sosai. Abin gudu shi ne shafa man bilicin ko haɗe-haɗen kemis masu kwantar da ƙaiƙayi na kwana biyu su bar fatar ta ƙara lalacewa.

Adda ta je ta ga likitan fiɗa a Yawunde. Ya duba tabon aikin haihuwarta ya ga ya kwanta lafiya, amma gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, ya ce ta koma ta sha maganin ƙarin jini, ta riƙe nauyinta, su sake haɗuwa bayan wata shida. Da na tambaye ta ko za ta koma, sai ta ce, "Ƙanwata, sai na aurar da yarinyar nan tukuna, in ga wadda za ta zauna da ni. In kin samu hutu a Disamba, ke ce za ki raka ni." A yanzu tela ya ɗinka mata riguna huɗu na ciki na auduga, masu hannu, tana canja biyu a rana, kuma wurin da ya saɓe ya bushe.